Fim ɗin Albasar Galmi da Yadda Hoto Yake Ba da Labari

Yau maganar fim za mu yi. A da, sai motar majigi ta zo gari kafin a ga hoto mai motsi. A kafa farin ƙyalle a fili, yara su zauna gaba, manya su tsaya baya. Yanzu kuwa fim ya shiga aljihu. Daga Madarunfa zuwa Gabi, daga Safo zuwa Ɗan Isa, da wuya ka sami majalisar da babu salula mai ɗauke da fim ɗin Kano, ko na Indiya da aka juya zuwa Hausa. Kallo kam muna yin sa. Amma in an gama, me muke cewa? Mukan ce wane mugu ne, wance ta ban tausayi. Ba mu cika tambayar wanda ya sa muka ji tausayin ba, da dabarar da ya yi.

Kai da ka zauna a ajin yaƙi da jahilci ka san yadda abin yake. Kafin ka koyi baƙaƙe, takarda zane-zane ce kawai. Da ka koya sai ta fara yi maka magana. To, hoto ma yana da nasa baƙaƙen. Manyansu biyu ne: inda aka tsayar da kyamara, da inda aka yanke.

Da farko ka sani, hoton fim ba ya motsi. Hotuna ne tsayayyu ake jerawa, su wuce da sauri, guda 24 a cikin sakan ɗaya. Ido ba ya iya raba su, sai ya ga kamar mutum yana tafiya. A fim na awa ɗaya hotuna 86,400 ke wucewa ta gabanka, kuma babu ko ɗaya da ya zo da kansa. Wani ne ya zaɓa maka.

A ce an aiki mai ɗaukar hoto bakin tabkin Madarunfa, ya ɗauko wani masunci. In ya tsaya can nesa, za ka ga ruwa shimfiɗe, ga itatuwa, ga tsuntsaye, masuncin kuwa ɗan ɗigo ne cikin jirginsa. Wannan hoton nesa ke nan. Aikinsa ya gaya maka inda kake. In ya matso, za ka ga mutumin daga kai zuwa gwiwa yana jawo taru. Wannan ya gaya maka abin da ake yi. In ya ƙara matsowa har fuska ta cika allon, ko kuwa ya nuna maka hannu riƙe da taru, babu kome ciki sai ƴan tarwaɗa biyu, to ya shigar da kai cikin zuciyar mutumin. Ba a ce da kai yau gidansa za a kwana da yunwa ba, amma ka ji a jikinka. Hoton kusa shi ne mai sa kuka.

Tsayuwar ma tana magana. In mai ɗaukar hoto ya durƙusa ya ɗauki mutum daga ƙasa, sai mutumin ya yi kwarjini kamar sarki bisa doki. In ya hau bisa ya ɗauke shi daga sama, sai ya ƙanƙance, ya zama abin tausayi. Mutum ɗaya ne, riga ɗaya. Ka duba hotunan ƴan takara da ake liƙawa lokacin zaɓe, ka ga ta wane gefe aka fi ɗaukarsu.

Bayan an gama ɗauka sai a kai wa wani ma'aikaci wanda ba ka taɓa ganin fuskarsa a fim. Mutanen Kano suna kiransa mai tace hoto. Kada ka haɗa shi da hukumar tace fina-finai, ita aikinta hani da yarda ne. Shi wannan kamar tela yake. An zube masa ƙyallaye rututu, shi zai yanka, ya zubar da wasu, ya ɗinke sauran su zama riga. A da da almakashi da gam yake aiki, don fim dogon zare ne mai hotuna a jiki. Yau da kwamfuta yake yi, amma yankan bai sake ba.

Ƙarfin wannan tela ya fi yadda kake zato. Wajen shekarar 1920, a ƙasar Rasha, wani malamin fim mai suna Kuleshob ya yi wani gwaji da har yau ake koyar da shi. Ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa, ba fara'a, ba fushi. Ya haɗa ta da hoton kwanon miya. Ya sake haɗa ta da hoton mace a akwatin gawa. Ya kuma haɗa ta da hoton yarinya tana wasa. An ba da labari cewa masu kallo sun yi ta yabon ɗan wasan: dubi yadda ya nuna yunwa, dubi baƙin cikinsa, dubi ƙaunarsa ga yarinyar. Alhali fuskar nan guda ce, ba ta sake ba. Abin da aka ajiye kusa da ita shi ne ya ba ta ma'ana.

Riƙe wannan a ranka, mu tafi Galmi.

In ka bar Maraɗi ka bi babbar hanya yamma, ka wuce Madawa, kafin ka kai Birnin Ƙonni za ka iske Galmi, garin da jar albasarsa ta yi suna har Abijan da Akara. Wani ɗan garin, Sani Magori, ya yi karatun aikin gona, daga baya ya je Sanlui ta ƙasar Senegal ya koyi aikin fim. A 2008 ya fitar da fim mai tsawon minti 52 a kan garinsu. Irin fim ɗin nan ne da ba a sa ƴan wasa. Mutanen gari ne da kansu, cikin gonakinsu da gidajensu, suna magana da Hausarsu.

Labarin gajere ne. Wani manomin albasa yana da ɗiya da aka yi wa baiko, shekara biyu tana jiran aure. Dangin miji sun matsa, gari ya ɗauki tsegumi. Sai uban ya yanke magana, ya ce za a yi biki in an cire albasa. Ke nan dole bana ya noma fiye da yadda ya saba, kuma ya sayar da tsada. Kai manomi ne, ka san inda gizo yake saƙar. Lokacin da kowa ya cire albasarsa, lokacin ne kuɗinta ke faɗuwa. Mai hali ya zuba tasa a rudu ya jira ta yi daraja. Wanda biki ke bisa kansa kuwa ina ya ga ta jira?

A ganina, gwanintar Sani Magori tana wurin wannan ɗaurin da ya yi. Da wani ma'aikacin gona aka ba kyamara aka ce ya yi fim a kan albasa, mun san abin da za mu gani. Ga yadda ake rainon iri, ga dashe, ga ban ruwa, ga zuba taki, wata murya tana bayani daga sama. Mun sha ganin irinsu. Ana ƙaruwa, amma ana hamma. Shi kuwa sai ya ɗauki zare biyu, na gona da na gida, ya tufka su igiya ɗaya. Tun da ka ji alkawarin uban, fadamar ta daina zama fadama kawai a idonka. In aka nuna maka ruwa yana bin kwali, kayan ɗakin amarya kake lissafi. In aka nuna maka buhu a kasuwa ana ciniki, ranar biki kake tunani. Albasa ba ta da fuska, ba ta kuka, ba ta dariya. Amma an ajiye ta kusa da maganar aure, sai ga ka kana fargaba saboda ita. Gwajin mutumin Rasha ke nan, an yi shi da Hausa.

Ka lura kuma da lokaci. Albasa watanni take ɗauka daga iri zuwa cira. Fim ɗin bai kai awa ɗaya ba. Ke nan abin da aka zubar ya ninka abin da aka bari sau da yawa. Yanka ɗaya, shuka ta tashi daga tsiro ta zama kore shar. Kai kuma ba ka ce an yi maka ƙarya ba, don ka san kwanakin da aka tsallake, ka cike su da kanka. Mai tace hoto na kirki ya yarda mai kallo yana da hankali.

Akwai abin da kuɗi ba sa saye, shi ne sakin jiki. Baƙo in ya zo da kyamara, iyakarsa zaure. Mutane su gyara zama, su sa rigar salla, su faɗi abin da suke zaton yana son ji. Maganar aure da bashi da rashi kuwa ba a yin ta gaban baƙo. Sani Magori ɗan gari ne, shi ya sa ya sami abin da ya samu. Kyamararsa ba ta fi ta wasu tsada ba, ta dai tsaya inda tasu ba ta isa ta tsaya.

Ba zan ce fim ɗin ba shi da abin faɗa ba. Igiyar labarin a hannun uba take. Shi ya yi alkawari, shi zai noma, shi zai sayar. Yarinya kuwa nata jira ne. Da an ɗora labarin a kanta, a bi ta rijiya, a bi ta gidan ƙawaye, a zauna da ita cikin shekara biyun nan, da wani fim ne daban za mu gani, wataƙila ma ya fi wannan zafi. Sannan ga sunansa. Da Faransanci aka raɗa masa, Pour le meilleur et pour l'oignon. Wasa ne da maganar da Faransawa ke yi wurin ɗaurin aure, cewa za a zauna tare da daɗi da wuya. Sai ya cire wuya ya sa albasa. Dabara ce mai kyau, amma Bafaranshe ne zai yi dariya, manomin Galmi sai an fassara masa. Minti 52 ɗin ma awon gidajen talabijin na Turai ne. Fim ɗin ya ci kyauta a waje, har da ta gasar fina-finan Afirka da aka yi a Nijeriya a 2009. Amma je ka wurin mai tura fim a kasuwa ka tambaye shi, ka ji abin da zai ce maka. An yi fim a kan manoma da harshensu, ya zaga duniya, su kuwa manoman ba kasafai yake isa gare su ba. Wannan abin takaici ne.

To, su fa na Kano da muke kallo dare da rana? Tun daga Turmin Danya a 1990 suke fitowa, kuma ba mai raina abin da suka yi. Sun sa Bahaushe ya ga kansa a allo, sun ba dubban matasa abin yi. Amma ga wani gwaji da za ka yi da kanka daren yau. Kunna fim ɗaya, ka kifa salular a tabarma, ka saurara kawai. In ka gane kome daga farko har ƙarshe, to wasan rediyo aka sayar maka. Da yawansu haka suke. Mutum biyu zaune a falo bisa manyan kujeru. Kyamara ta dubi wannan ya yi magana, ta dubi wancan ya ba da amsa. A tashi daga wannan falo a koma wani.

Ɗauki misalin matar da ta ji mijinta zai ƙara aure. Sau nawa ka ga an kai ta gidan ƙawarta, ta zauna minti biyar tana cewa raina ya ɓaci, zuciyata tana ƙuna? Ai kunne aka ba wannan. Da ido aka so a ba, da sai a same ta tana daka. Yaro ya shigo ya faɗi maganar. A nuna taɓarya ta tsaya a sama. A nuna kaji sun zo suna tsattsagar hatsin da ya zube, ba ta kore su ba. Shi ke nan. Sakan goma sun isa, kuma babu macen da za ta kalla ba ta gane ba.

Abin mamaki, waɗannan masu fim ɗin sun iya almakashi in sun so. Dubi wurin waƙa. Ana yanka daidai da bugun kiɗa. Jaruma tana cikin jan leshi, kafin ka ƙifta ido ta koma cikin kore, daga lambu an koma bakin ruwa. Dubi kuma inda boka ko aljani ke ɓacewa. Ba wani asiri, tsayar da kyamara aka yi, mutumin ya fita, aka ci gaba da ɗauka, aka ɗinke wurin. Wani Bafaranshe mai suna Meliyes yana yin wannan dabara tun 1896. Hannun da ya iya wannan, me zai hana shi ba da labarin da hoto? A fina-finai masu dogon zango na yanzu haske ya gyaru, hoto ya yi kyau, har da ɗan jirgin nan mai ɗaukar gari daga sama. Sai dai wata cuta ta shigo. Don a ja labari ya kai mako da mako, sai a nuna maka mota ta taho, mai gadi ya buɗe ƙofa, ta shiga, an kashe ta, an fito, an rufe, an taka har falo. Telan nan ya ƙi yanka don a biya shi kuɗin yadi, kai kuwa cajin salularka ne ke tafiya.

Akwai fim ɗaya kuma da ya kamata ka sani, don labarin ƙasarmu ne. Sarauniya Mangu ta Lugu, can wajen Dogon Dutsi, ta yi yaƙi da rundunar Faransawa ta Bule da Shanuwan a 1899. Rundunar nan ita ce ta ƙone garuruwa tana tahowa gabas, har shugabanninta biyu suka gamu da ajalinsu a hannun sojojinsu kusa da Maijirgi, a ƙasar Tasawa. Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kan Sarauniya a 1980. Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1987. Babban aiki ne, an ɗauke shi a faffaɗan allo, inda hoton nesa ke nuna maka runduna da dawaki da faɗin daji. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma yawancin maganar ba da Hausa ake yi ba. Ban da haka, kyamara ta daɗe ƙwarai a sansanin Turawa, tana bin haukansu da rigimarsu, mu kuwa muna ɗokin a komar da mu wurin Sarauniya. Mai fim yana da hujjarsa, so yake ka ga muguntar mulkin mallaka da idonka. Duk da haka, wanda kyamara ta fi zama da shi, shi kake fi sani. In kana kallon kowane fim, tambayi kanka a gidan wa aka fi ajiye ka.

Wannan tambaya ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. Yau almakashin nan yana cikin kowace salula. Za a turo maka ɗan guntun hoto ta WhatsApp, ga liman ko sarki ko ɗan siyasa yana faɗin magana mai zafi. Wataƙila ya faɗa. Wataƙila kuma bayanta ya ce amma, aka yanke daidai nan. Za a turo maka hoton ambaliya a ce Gulbin Maraɗi ne jiya, alhali na wata ƙasa ne, na shekarun baya. Za a haɗa fuskar wani yana dariya da hoton gidan da ya ƙone, ka tsane shi, shi kuwa a wurin suna ya yi dariyarsa. Kafin ka tura wa wani, duba da kyau. Kan mai maganar ya yi tsalle daga nan zuwa can? Murya ta katse a tsakiyar numfashi? Inuwa tana gabas, sai ga ta a yamma? Nan almakashi ya bi. Yanzu ma har akwai na'urar da ke ƙera murya da fuskar mutum ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Gaba ta sha shiga tsakanin dangi da dangi a kan abin da bai kai minti ɗaya ba.

In kuwa kana da yaro mai son ɗaukar hoto da salula, kada ka ce shiririta ce. Nuna masa abin da mutumin Galmi ya yi. Labari yana nan kusa da shi. Ga masu zogala da masu tumatir a Jiratawa, ga masunta da ke kallon ruwan tabki yana ja da baya in rani ya yi nisa, ga matan da ke kai kaya Ɗan Isa. Ya zaɓi gida ɗaya da abin da gidan ke jira, ya nemi izininsu tukuna, sannan ya bi su har ƙarshen kaka. Ya riƙe salular a kwance, da hannu biyu, ya daina lilo da ita. Kowane wuri ya ɗauki na nesa, da na tsakiya, da na kusa, kowanne ya ƙirga goma a ransa kafin ya tsayar. Ya bar rana a bayansa. Kuma ya fita da sassafe ko bayan la'asar, don in rana ta take tsaka haske yakan yi fari fat, fuskar manomi a ƙarƙashin malfa ba ta fita.